Claude Shannon: Masanin da ya koya wa ɓeran katako hanya

A kowace shekara ɗaliban jami'o'i da injiniyoyi a Japan da Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe kan fafata a wata gasa ta ƙananan mutum-mutumi, waɗanda ake sakawa cikin wani gida mai lunguna birjik domin su nemo hanya da kansu. Tushen wannan gasa shi ne wani ɓeran katako da Claude Shannon ya ƙera a shekarar 1950.

Shannon, wanda ya rasu a shekarar 2001, masanin lissafi ne kuma injiniya ɗan ƙasar Amurka. Shi ne ya aza harsashin ilmin da wayar salula da kwamfuta da intanet ke aiki da shi, ko da yake sunansa bai yi tambari a duniya kamar na Albert Einstein ko Thomas Edison ba.

Abokan aikinsa sun san shi da kaifin basira, sun kuma san shi da son wasa. Yakan hau keke mai ƙafa ɗaya ya ratsa farfajiyar ma'aikatarsu, ya kuma ɓata makonni yana ƙera abubuwan da ba su da kasuwa. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin shiririta. Tarihinsa ya nuna cewa wasan da binciken duk daga rijiya ɗaya yake ɗebo su.

Yarinta a garin Gaylord

An haifi Claude Elwood Shannon ranar 30 ga watan Afrilun 1916 a garin Petoskey da ke jihar Michigan a arewacin Amurka, ya kuma tashi a Gaylord, wani ɗan ƙaramin gari na manoma. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya riƙe muƙamin alƙalin rabon gado. Mahaifiyarsa Mabel kuwa malamar harsuna ce, wadda ta taɓa shugabantar makarantar sakandaren garin.

Tun yana yaro hannunsa ba ya zama. Ya ƙera ƙananan jiragen sama na wasa da wani kwale-kwale da ake sarrafawa daga nesa, kamar yadda yara a ƙasar Hausa ke ƙera motar langa-langa ko ta kara. Yakan kuma sami kuɗin kashewa ta hanyar gyaran rediyo da kai wa mutane saƙonnin tangaraho.

Abin da aka fi tunawa da shi a wannan zamani shi ne layin tangarahon da ya haɗa tsakanin gidansu da na wani abokinsa, tazarar kusan rabin mil. Bai sayi waya ba. Wayar ƙaya ta shingen gonaki da ke tsakaninsu ya yi amfani da ita.

A shekarar 1932 ya shiga Jami'ar Michigan, inda ya fito a 1936 da digiri biyu, ɗaya a lissafi, ɗaya a injiniyancin lantarki. A can ne ya yi wani darasi na ilmin manɗiƙi, ya ci karo da aikin George Boole, wani Baturen Ingila da ya wallafa littafi a 1854 yana nuna cewa ana iya rubuta hujjojin hankali da alamomin aljabara, ta yadda kowace magana ko dai gaskiya ce ko ƙarya, wato 1 ko 0. Masana falsafa ne suka fi karanta littafin. Injiniyoyi ba su ga abin da zai tsinana musu ba.

Makunni da manɗiƙi

Daga Michigan Shannon ya wuce Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, inda ya sami aikin kula da wata ƙatuwar na'urar lissafi da Farfesa Vannevar Bush ya ƙera. Na'urar ta cika ɗaki guda, sandunan ƙarfe da ƙafafu masu haƙora ne ke juyawa a cikinta, kuma makunnan lantarki sama da 100 ke sarrafa ta.

A wancan lokaci babu wata ƙa'ida ta tsara irin waɗannan makunnai. Gwani kan haɗa wayoyi bisa ƙwarewa, ya gwada, in bai yi ba ya sake.

Shannon ya lura da cewa makunni hali biyu gare shi, ko a kunne ko a kashe, daidai da gaskiya da ƙaryar Boole. Idan aka jera makunni biyu a kan waya ɗaya, wuta ba za ta wuce ba sai an kunna na farko da na biyu. Idan kuwa aka ajiye su gefe da gefe, kowanne da hanyarsa, wuta za ta wuce da zarar an kunna wannan ko wancan. Ke nan kalmomin da, da ko, da a'a, waɗanda ake gina hujja da su, ana iya gina su da waya.

Ya rubuta wannan a kundin digirinsa na biyu a 1937, yana ɗan shekara 21, aka kuma buga shi a 1938. A ciki ya nuna yadda injiniya zai zauna da takarda da alƙalami ya rage yawan makunnan da ake buƙata kafin ya taɓa waya, da yadda za a haɗa makunnai su yi tara lambobi. Akira Nakashima a Japan da Victor Shestakov a Tarayyar Soviet sun yi bincike makamancin wannan a shekarun, amma aikin Shannon ne ya fi yaɗuwa. Kowace kwamfuta a yau tarin irin waɗannan makunnai ce, sai dai an ƙanƙanta su har biliyoyi na shiga cikin abin da bai wuce girman farce ba.

Bisa shawarar Bush, sai ya karkata zuwa wani fanni daban, ya yi digirin digirgir a 1940 kan amfani da aljabara wajen fahimtar yadda ake gadon halitta. Bai damu ya buga kundin ba, sai a 1993 aka fitar da shi cikin tarin rubuce-rubucensa. A shekarar ta 1940 ya auri Norma Levor, ya kuma yi shekara guda a cibiyar nazari mai zurfi ta Princeton, inda Einstein yake. Auren bai daɗe ba suka rabu.

Yaƙi da rubutun sirri

A 1941 Shannon ya kama aiki a ɗakunan binciken kamfanin tarho na Bell. Amurka na dab da shiga yaƙin duniya na biyu, saboda haka aka sa shi cikin masu tsara na'urorin saita bindigogin kakkaɓo jiragen sama. Daga baya ya koma sashen rubutun sirri, inda ya taimaka wajen tantance tsaron layin tarhon da Shugaba Roosevelt da Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill ke magana ta cikinsa.

A farkon 1943 masanin lissafin nan na Birtaniya, Alan Turing, ya yi wasu makonni a ma'aikatar. Su biyun kan haɗu wurin shan shayi. Doka ta hana kowannensu gaya wa ɗan'uwansa aikin sirrin da yake yi, don haka hirarsu ta fi karkata ga tambayar ko wata rana na'ura za ta iya yin tunani.

Warware rubutun sirri tsohon ilmi ne. Tun a ƙarni na tara malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana cewa ana iya tona asirin saƙo ta hanyar ƙirga haruffan da suka fi yawan maimaituwa a cikinsa, tunda kowane harshe na da haruffan da ya fi amfani da su. Shannon ya mayar da wannan tunani lissafi tsantsa. A wani rahoton sirri da ya rubuta a 1945, wanda aka fitar fili a 1949, ya tabbatar da cewa akwai hanya guda da ba ta karyuwa ko da wace irin na'ura: mabuɗin ya kai tsawon saƙon, a zaɓo shi ba bisa wani tsari ba, a ɓoye shi, kuma kada a ƙara amfani da shi.

Shekarar 1948

A ƙarshen watan Yunin 1948 kamfanin Bell ya sanar da duniya cewa ya ƙirƙiro tiransista. 'Yan makonni bayan haka mujallar kamfanin ta buga kashin farko na wata maƙala da Shannon ya shafe shekaru yana rubutawa shi kaɗai, galibi da dare a gida, kan ƙa'idar lissafi ta sadarwa. Kashi na biyu ya fito a watan Oktoba.

Kafin wannan lokaci ana ɗaukar tangaraho da tarho da rediyo da talabijin a matsayin sana'o'i daban-daban. Harry Nyquist da Ralph Hartley, su ma ma'aikatan Bell, sun share fage a shekarun 1920. Shannon ya nuna cewa duk matsala ɗaya ce: akwai mai aikawa, akwai hanya, akwai hayaniya a kan hanyar, akwai mai karɓa. Ya kuma ce injiniya ya ajiye ma'anar saƙo a gefe, ya auna yawan shakkar da saƙon ke gusarwa.

Ma'aunin da ya yi amfani da shi shi ne bit, kalmar da ya ce abokin aikinsa John Tukey ne ya ƙirƙiro. Bit ɗaya shi ne amsar tambaya guda ta i ko a'a, wadda amsoshinta biyu suke kunnen doki. Alal misali, jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. Idan wani ya ƙudurta ɗaya a ransa, mai tambaya kuma ya riƙa raba jerin gida biyu a kowace tambaya, ba zai wuce tambaya shida ba zai canko ta. Murya da hoto da rubutu duk ana iya mayar da su jerin irin waɗannan amsoshi.

Abu na biyu da ya nuna shi ne cewa harshen ɗan Adam cike yake da rara. Ya ƙiyasta cewa kusan rabin abin da ake rubutawa da Ingilishi tsarin harshen ne ya tilasta shi. Bahaushe ya san wannan a aikace. Almajirin da ya yi nisa kan karanta Larabci ba tare da wasali ba, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali amma ana fahimta, kuma wanda aka aika wa slm da lfy a waya ba ya neman fassara. Shannon ya fitar da iyakar yadda za a matse saƙo ba tare da an yi asarar komai ba.

Abu na uku shi ne ya fi ba masana mamaki. A da an yi imanin cewa idan layi na da hayaniya, ba makawa sai dai a ƙara ƙarfin murya ko a yi ta maimaitawa, kamar mai karanta wa wani lambar katin waya sau uku a cikin kasuwa, kuma duk yadda aka so rage kuskure sai an ƙara rage gudu. Shannon ya tabbatar da cewa kowace hanya na da iyakar abin da za ta iya ɗauka a sakan guda. Matuƙar ba a haura wannan iyaka ba, akwai dabarar shirya saƙo da za ta sa kuskure ya yi ƙaranci gwargwadon yadda ake so.

Bai faɗi yadda za a samo dabarar ba, ya dai nuna cewa tana nan. Injiniyoyi sun shafe shekaru 45 suna nema, kafin Claude Berrou da abokan aikinsa a Faransa su gabatar da wani tsari a 1993 da ya matso dab da iyakar. Wani tsarin da Robert Gallager ya ƙirƙiro a MIT a 1960, wanda aka yi watsi da shi shekaru da dama saboda na'urorin lokacin ba su da ƙarfin aiki da shi, shi ne ake amfani da shi a layukan 5G.

Ɓera mai suna Theseus

A watan Maris na 1949 Shannon ya auri Betty Moore, wadda ita ma ma'aikaciyar lissafi ce a Bell. Sun haifi 'ya'ya uku. Ita ce ta riƙa rubuta masa maƙalu yana faɗa, tana gyara masa lissafi, kuma tare suka haɗa wayoyin ɓeran da ya sa jama'ar Amurka suka san fuskarsa.

Ɓeran na katako ne, ɗan ƙarami, da mayen ƙarfe a cikinsa da gashin baki na jan ƙarfe. Gidansa wani faffaɗan tebur ne mai ɗakuna 25, biyar a tsaye biyar a kwance, da katangun ƙarfe da ake iya cirewa a sake musu wuri. A ɗaya daga cikin ɗakunan akan ajiye wani ɗan ƙarfe a matsayin cuku. Shannon ya raɗa masa suna Theseus, sunan wani jarumi a tatsuniyoyin Girkawa, wanda ya shiga wani gida mai ɓad da mutane a tsibirin Crete ya kashe dodo, ya kuma fito ta hanyar bin zaren da ya riƙa warwarewa tun daga ƙofa.

Ɓeran kansa ba shi da ƙwaƙwalwa. Tana ƙarƙashin tebur, inda wani mayen ƙarfe na lantarki ke jan sa, gommai na makunnan tarho kuma ke yanke shawara. Kowane ɗaki na da makunni biyu da aka ware masa, waɗanda ke riƙe abu ɗaya tak: ta wace kusurwa ɓeran ya fita a karon ƙarshe, gabas ko yamma, kudu ko arewa.

A zagayen farko ɓeran kan yi ta karo. Idan gashin bakinsa ya taɓa bango sai ya ja da baya, ya juya ya gwada kusurwa ta gaba. Haka zai yi ta yi, ya shiga lungun da ba ya ɓullewa ya fito, kamar baƙon da ke neman gidan biki a lungunan Darmanawa ba tare da ɗan rakiya ba, har ya isa ga cukun. Da zarar ya isa, makunnan sai su riƙe kusurwar ƙarshe ta kowane ɗaki. Tunda ɓeran ya riga ya fito daga kowane lungun banza da ya shiga, kusurwar ƙarshen ita ce mai kaiwa ga cukun. A zagaye na biyu cikin 'yan sakanni yake isa, ba tare da ya taɓa bango ba.

Idan aka ɗauke shi aka ajiye a wani ɗakin da ya taɓa shiga, daga nan zai kama hanya. Idan aka ajiye shi inda bai sani ba, sai ya yi lalube har ya faɗo inda ya sani. Idan kuwa aka sauya katangu ya shiga zagaye wuri ɗaya, akwai wani ma'auni da ke ƙirga takunsa, wanda idan ya wuce kima sai ya sa shi ya saki tsohuwar hanya ya koma bincike.

Shannon ya nuna samfurin farko na na'urar ga wani taron masana a birnin New York a 1951. A 1952 kamfanin Bell ya shirya ɗan gajeren fim a kanta, mujallun Time da Life suka ba da labarinta. Kamfanin na da dalilinsa, domin neman hanya a cikin lunguna ɗan'uwan neman layin da babu kowa a kai ne idan mutum ya buga tarho. Masu tarihin kimiyya na lissafa Theseus cikin na'urorin farko da suka koyi abu ta hanyar gwaji da kuskure.

Ɓeran na da rauni guda: hanyar da ya riƙe ba lalle ba ne ta zama mafi gajarta. Abokin aikin Shannon a Bell, Edward Moore, shi ne ya wallafa dabarar gano hanya mafi gajarta a 1959.

Farfesa mai son wasa

A shekarar da ya ƙera ɓeran, Shannon ya wallafa maƙala kan yadda za a koya wa kwamfuta wasan ces, wani nau'in dara. Ya ƙiyasta cewa yawan hanyoyin da wasa ɗaya zai iya bi ya kai lamba 1 mai sifiri 120 a bayanta, saboda haka babu na'urar da za ta iya duba su duka, dole ta koyi zaɓe. A 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya Garry Kasparov, bisa tafarkin da maƙalar ta zana.

Yana cikin mutane huɗun da suka kira taron Kwalejin Dartmouth na 1956, tare da John McCarthy da Marvin Minsky da Nathaniel Rochester, taron da ake ɗauka a matsayin mafarin fannin ƙirƙirarriyar basira. A wannan shekara ce kuma ya rubuta wani ɗan gajeren sharhi yana jan kunnen masu cusa ƙa'idarsa a kowane fanni ba tare da hujja ba, a daidai lokacin da sunansa ke tashe.

Ya koma MIT a 1956, ya zama cikakken farfesa a can a 1958, ya yi ritaya a 1978. Cikin ɗalibansa akwai Ivan Sutherland, wanda ya buɗe fagen zane da kwamfuta. Gidansa da ke Winchester cike yake da ƙere-ƙere. Akwai na'urar da ke lissafi da lambobin Rumawa, da mutum-mutumin da ke jefa ƙwallaye yana cafewa, da wani akwati wanda idan aka kunna shi sai hannu ya fito daga ciki ya kashe makunnin ya koma. A 1961 shi da Edward Thorp sun ƙera wata 'yar kwamfuta da ake ɓoyewa a jiki, suka gwada ta a gidajen cacar Las Vegas, daga bisani suka bar aikin.

Daga shekarun 1960 ya rage wallafa bincike ƙwarai, ya daina amsa yawancin wasiƙu. Wasu abokan aikinsa sun yi takaicin cewa mutum mai irin wannan baiwa ya koma lissafin wasan ƙwallaye da hannayen jari. Shi kuwa bai taɓa nuna ya bambanta babban aiki da ƙarami ba, duk matsalar da ta ba shi sha'awa ita yake bi. An ba shi lambar yabon kimiyya ta ƙasar Amurka ta 1966 da kyautar Kyoto ta Japan a 1985. Bai sami kyautar Nobel ba, domin babu lissafi ko injiniyanci a cikin fannoninta.

Jikokin Theseus

A 1977 mujallar IEEE Spectrum, ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki, ta sanar da gasar ƙera ɓeran da zai ɗauki ƙwaƙwalwarsa a jikinsa, abin da ya gagari Theseus. Aka sa wa gasar suna Micromouse. Kimanin mutum 6,000 suka nuna sha'awa, amma ɓeraye 15 ne suka kai zagayen ƙarshe a New York a 1979. A 1980 aka fara irinta a Landan da kuma Japan, inda ta fi samun gindin zama.

A gasar farko wani ɓeran da ba ya tuna komai ya ba mutane kunya, domin dafa bango ɗaya kawai ya yi ya bi shi da gudu har ƙarshe. Saboda haka aka mayar da wurin zuwa tsakiyar gida, aka kuma raba katangunsa da na gefe, ta yadda mai bin bango zai yi ta zagaye har batirinsa ya ƙare.

Gidan gasar na da ɗakuna 256, wato 16 sau 16, kowanne faɗinsa santimita 18. Ɓeran kan tashi daga kusurwa guda, kuma da zarar an bayyana tsarin gidan ba a yarda mai shi ya shigar masa da wani bayani ba. Yana da ƙayyadadden lokaci na bincike da gudu, kuma gudun da ya fi sauri ake dubawa.

Dabarar da aka fi amfani da ita ta samo asali daga aikin Moore, tana kuma kama da ban-ruwa a fadama. Ɓeran kan ba tsakiyar gida lamba 0, ɗakunan da ke maƙwabtaka da ita 1, na bayansu 2, har lambobin su malale ko'ina. Sai ya riƙa taka ɗakin da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Duk sanda idanunsa na lantarki suka hango sabon bango, sai ya sake lissafin.

Masu gasar sun gano cewa hanya mafi gajarta ba ita ce kullum mafi sauri ba, domin doguwar hanya miƙaƙƙiya kan fi gajeriya mai yawan kwana. Sun koya wa ɓerayen yanke kwana a karkace, sun kuma sa musu fankar da ke zuƙe iska daga ƙarƙashi don su manne da ƙasa. A gasar Japan ta 2011 ɓeran Ng Beng Kiat ɗan ƙasar Singapore ya kai tsakiya cikin ƙasa da sakan huɗu.

Jami'o'i na son gasar ne saboda tana tilasta wa ɗalibi haɗa lantarki da injina da lissafi da rubuta manhaja a cikin abin da bai wuce tafin hannu ba, kuma babu yadda za a yi haddar amsa. Irin wannan haɗin ne ake koyarwa a sashen mekatironik na Jami'ar Bayero ta Kano. Kayan aikin ba su wuce ƙananan injina biyu da batir da idanun lantarki da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda da allon katako ba.

Ƙarshen rayuwa

A 1985 Shannon ya bayyana ba zato a wani taron masana ilmin sadarwa a garin Brighton na Ingila, bayan shekaru ba a ganin sa. Da aka matsa masa ya yi jawabi, sai ya yi 'yar gajeriyar magana, ya ciro ƙwallaye uku ya shiga jefawa yana cafewa, manyan farfesoshi kuma suka yi layi suna neman sa hannunsa.

Ba da daɗewa ba cutar mantuwa ta Alzheimer ta fara kama shi. Ya yi shekarunsa na ƙarshe a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Massachusetts, a daidai lokacin da intanet ke mamaye duniya, ba tare da ya fahimci abin da aikinsa ya haifar ba. A shekara ta 2000 aka kafa gunkinsa a garin Gaylord, matarsa Betty ce ta halarci bikin.

Ya rasu ranar 24 ga watan Fabrairun 2001 a garin Medford, yana da shekara 84. Wata guda kafin nan hukumar sadarwa ta Najeriya ta yi gwanjon lasisin wayar salula ta GSM, a ƙasar da layukan tarhonta ba su kai rabin miliyan ba a lokacin. A watan Agustan shekarar aka buɗe wa jama'a layukan. Duk wayar da ake saye ko gyarawa a kasuwar Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, da duk saƙon muryar da ke tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi ya isa Makka ba tare da ya gurɓace ba, da lissafin 1948 suke aiki.

Betty Shannon ta rasu a 2017. Ɓeran Theseus da teburinsa na ajiye a gidan tarihi na MIT.